Idan gwamnati ta karɓi kasonta a caca, wa zai kashe na'urar?

Shekara da shekaru ke nan majalisar dokokin jihar Missouri a Amurka tana ja-in-ja a kan magana ɗaya: a halatta na'urorin caca masu allo a gidajen mai, mashaya da ƙananan kantuna, ko kuwa a bar su a haramce. A 2025 majalisar wakilan jihar ta amince da ƙudirin da ƙyar da jiɓin goshi, ƙuri'a 83 da 73, alhali 82 ake buƙata kafin ya wuce. Da ya isa majalisar dattawa sai ya maƙale. Amma kada wani ya ce an gama. Irin wannan ƙudiri ba ya mutuwa, barci yake yi, zama na gaba ya farka da sabuwar riga.

Bari in faɗi matsayina tun yanzu don wanda ba zai iya karantawa har ƙarshe ba: ban goyi bayan a halatta su ba. Kuma ba don ina ganin masu adawa da ƙudirin waliyyai ne ba. Zan zo kansu.

Ga wanda bai san abin ba, na'ura ce mai tsayin mutum, da allo mai walƙiya da kujera a gabanta. Ka zura takardar dala, ka danna maɓalli, hotuna su juya su tsaya, ko ka ci ko a cinye ka. Cikin daƙiƙa biyar ko shida an gama zagaye ɗaya, ka sake dannawa. A takarda suna kiranta VLT, wato na'urar loto mai allo, su ce wani reshe ne na loton jiha, kuma akwai dalilin hakan. Kundin tsarin mulkin Missouri ya yarda da manyan gidajen caca ne kawai a gaɓar kogin Mississippi da kogin Missouri, guda 13 ne kuma a jihar kaf. Amma ya yarda gwamnati ta yi loto. To idan aka jingina na'urar ga hukumar loto, aka haɗa ta da babbar kwamfutar hukumar, sai a samu ƙofar da za a shigar da ita kowane lungu ba tare da an taɓa kundin ba. Wanda ke zaune a kujerar kuwa bai ga wani bambanci ba. Aljihunsa ma haka.

Abin da ya dagula lissafi shi ne na'urorin sun riga sun shigo ba da izinin kowa ba. Ina zaune ne a yankin St. Louis, kuma da wuya ka shiga gidan mai a wasu unguwanni ba ka tarar da su a jere a kusurwa ba, tsakanin firijin lemo da ƙofar banɗaki. Tun 2019 ake ƙiyasin sun kai 14,000 a faɗin jihar. Kamfanonin da ke ajiye su sun zo da wata dabara. Akwai wani maɓalli da idan ka danna zai nuna maka sakamakon wasan da ke gabanka tun kafin ka sa kuɗi. Sai su ce ka gani, tunda ka san abin da zai fito, babu sa'a a ciki, tunda babu sa'a ba caca ba ce. Na tsaya na kalli wani mutum da rigar aikin gini a jikinsa yana bugawa. Ko sau ɗaya bai taɓa wannan maɓallin ba. Me zai yi da shi? Ko ya ga cewa wasan da ke gabansa asara ne, sai ya biya ya wuce shi kafin ya ga na bayansa, kuma na bayan nan ne yake fata. Sa'ar tana nan, matsar da ita aka yi taki ɗaya.

A 2020 wata kotu a gundumar Platte ta samu wani kamfani da laifin tallata caca saboda irin waɗannan na'urori, daga baya aka murƙushe su. Amma Missouri na da gundumomi 114, kowace da mai gabatar da ƙararta. Wannan ya kai ƙara, wancan ya kau da kai. Hukumar da ke kula da caca kuma ta ce huruminta bai wuce manyan gidajen nan 13 ba. Kamfanonin suna da lauyoyi, suna da masu kama musu ƙafa a majalisa, suna zuba gudummawa a asusun yaƙin neman zaɓe. Haka aka yi ta tafiya.

A nan masu goyon bayan ƙudirin suke tsayawa, kuma maganarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa: na'urorin nan suna ko'ina, ba wanda ya san nawa suke mayar wa mai wasa, ba wanda ke hana yaro ɗan shekara 16 zama a kansu, gwamnati ba ta samun ko sisi. Me zai hana a fitar da na bogin, a kawo na hukuma, a ƙayyade guda nawa za a sa a kowane shago, a hana wanda bai kai 21 ba, a karɓi haraji a zuba a makarantu? Mai ƙaramin shago ma ya samu abin biyan haya. Idan ka ji su, sai ka ce ai wannan shi ne hankali.

Ni ma da a ce yau aka ƙirƙiro na'urar, ba a taɓa gwada ta a ko'ina ba, da na ce a jarraba. Amma an gwada. An gwada fiye da shekara 30, kuma sakamakon a rubuce yake.

Mu fara da na'urar kanta, don mutane da yawa na ɗaukarta ƙanwar tikitin loto ce. Ba haka ba ne. Mai sayen tikiti yana saya ya tafi gida, ya jira kwana biyu ko uku kafin a fitar da lamba. A tsakani ya yi barci, ya ga iyalinsa, hankalinsa ya dawo. Na'ura ba ta ba ka wannan sararin. Mutum na iya danna ta sau 600 a awa ɗaya. A ce an saita ta tana mayar da kashi 92 cikin 100 na abin da aka zuba. Mai jin haka sai ya zaci idan ya shiga da dala 100 zai fito da 92. A'a. Wannan kashi 8 ɗin ana yankarsa ne a kowane dannawa, kuma abin da ka ci shi za ka sake mayarwa. Dala ɗaya sau 600, dala 600 ke nan ta bi ta cikin na'urar, kashi 8 nata dala 48. A awa ɗaya. Mafi ƙarancin albashi a Missouri a 2025 dala 13.75 ne a awa. Wato ma'aikacin da ya zauna awa guda bayan an tashi aiki ya ƙone guminsa na fiye da awa uku, kuma wannan idan sa'arsa matsakaiciya ce.

Sannan an gina ta ne don kada ka ji zafin. Ka sa dala ɗaya, ta dawo maka da santi 40, sai allo ya haska, kiɗa ya tashi kamar ka ci wani abu, alhali santi 60 ka rasa. Masu bincike a jami'ar Waterloo ta Kanada sun auna jikin masu wasa suka tarar yana amsa irin wannan asarar kamar yadda yake amsa cin gaske. A 2002 kuma wasu masu bincike biyu a jihar Rhode Island, Robert Breen da Mark Zimmerman, sun duba mutanen da suka zo neman magani saboda caca ta fi ƙarfinsu. Masu sauran nau'o'in caca sai da suka yi kimanin shekara uku da rabi kafin abin ya zama ciwo. Masu na'ura, kimanin shekara ɗaya. A Ostireliya, inda irin waɗannan na'urori suka cika mashaya da kulob, wata hukumar gwamnati ta ƙiyasta a 2010 cewa kusan kashi 40 cikin 100 na kuɗin da ake asara a kansu daga aljihun waɗanda cacar ta riga ta kama yake fitowa. Ku riƙe wannan adadin. Duk ranar da aka ce muku na'urorin za su kawo wa makarantu miliyoyi, to kaso mai tsoka na miliyoyin nan kuɗin marasa lafiya ne.

Yanzu ga jihar da ta fi kowa daɗewa a harkar. Dakota ta Kudu ce ta fara, a Oktoban 1989. Jiha ce da mutanenta ba su kai miliyan ɗaya ba. An sa ƙa'idoji masu kyau a ido: na'ura 10 kacal ga kowane lasisi, ba a zuba fiye da dala 2 a wasa, ba a cin fiye da dala 1,000. Da farko kason gwamnati kashi 22.5 ne cikin 100. Aka yi ta ƙarawa, a 1995 ya kai 50, aka ɗaura shi da rage wa masu gidaje da gonaki haraji. Daga ranar, duk wanda ya ce a kashe na'urorin tamkar ya ce a ƙara wa manomi haraji ne. Kuɗin da jihar ke samu ya haura dala miliyan 100 a shekara, ya zama na biyu a hanyoyin shigar kuɗinta bayan harajin saye da sayarwa.

Sau huɗu maganar na zuwa gaban masu zaɓe: 1992, 1994, 2000 da 2006. Sau huɗu na'urorin suna tsira. Wani zai ce ai dimokuraɗiyya ke nan, jama'a na son abinsu. Ku duba dai abin da ake tambayar su. Ba a ce musu caca na da kyau ko ba ta da kyau ba. Abin da ke gabansu shi ne: idan an rufe, wa zai cike ramin kasafin kuɗi? A 2000 ma, duk da wannan barazana, kusan kashi 46 cikin 100 sun ce a rufe.

Abin da ya faru a 1994 shi ya fi tsaya mini a rai. A watan Yuni kotun ƙolin jihar ta yanke hukunci cewa na'urorin sun saɓa wa kundin tsarin mulki, don ba loto ba ne a ma'anar da kundin ya sani. A Agusta aka kashe su duka. Sun yi kimanin kwana 100 a kashe, kafin a gyara kundin ta hanyar ƙuri'a a Nuwamba a sake kunna su. Wasu likitoci suka bi bayanan cibiyoyin da ke kula da masu ciwon caca a wannan tsakanin. Masu kira da masu zuwa neman taimako sun ragu har suka kusa ƙarewa. Da aka kunna na'urorin, suka dawo. A lokacin kuwa akwai gidajen caca a garin Deadwood, akwai na ƙabilun ƴan asalin Amurka, akwai tikitin loto, duk a buɗe. Wannan ya rushe maganar da ake yawan yi cewa ɗan caca ɗan caca ne, idan ka hana shi nan zai nemi can. Da yawansu ba su nemi ko'ina ba. Na'urar ce take kusa da gida, shi ke nan.

Idan ka tsallaka gada daga St. Louis ka shiga Illinois, za ka ga gobe ta Missouri idan ƙudirin ya wuce. A 2009 gwamna Pat Quinn ya sa hannu a dokar, da hujjar za a biya bashin wani gagarumin shirin gine-gine na dala biliyan 31. Dalilin da aka bayar a lokacin shi ne wanda ake bayarwa a Missouri yau: ai akwai na bayan fage a mashaya, gara a tsaftace. Na'urorin ba su fara aiki ba sai 2012. An yi alkawarin kusan dala miliyan 300 a shekara, aka ci bashi a kan alkawarin, sai da aka shafe shekaru kafin kuɗin ya doshi wannan adadi. Binciken da kafar labarai ta ProPublica da gidan rediyon WBEZ suka wallafa a 2019 ya nuna na'urorin sun fi taruwa a garuruwan masu ƙaramin ƙarfi, ya kuma nuna sun janye wa manyan gidajen caca kwastomomi, alhali harajin waɗancan gidajen ne ke shiga asusun ilimi. An ɗebo daga wannan aljihu an zuba a wancan, an ce an samu.

To da aka ga haka sai aka ja baya? Ina! A 2019 ɗin dai aka ƙara adadin na'urori daga biyar zuwa shida a kowane wuri, aka ɗaga abin da ake zubawa daga dala 2 zuwa 4, aka ƙara haraji. Yau sun haura 45,000 a jihar. Binciken da gwamnatin Illinois ta sa aka yi a 2021 ya ƙiyasta manya kusan 383,000 ne ke fama da matsalar caca.

Dokar ta ba wuraren da ke da lasisin sayar da giya damar ajiye na'urorin. Sai aka fara buɗe wasu ƙananan shaguna da ba su da wata sana'a sai na'urar. Za ka gan su a jerin kantuna, tsakanin mai wanki da mai gyaran farce, gilashin an rufe shi da fenti, sunan wata mace a saman ƙofa kamar gidan goggo. Na leƙa ɗaya da hantsi. Ba hayaniya, ba buguwa, ba komai na abin da muke hasashe idan an ce gidan caca. Kafet mai tsabta, kofi, ƴar kanta da mace ɗaya a bayanta. Dattijai mata ne a kan kujerun, irin waɗanda za ka ba wa wurin zama a mota, kowace da jakarta a cinya, ba mai kallon wata. Na'urar cire kuɗi tana daf da ƙofa, taku uku daga kujera. Wannan natsuwar ita ta fi ba ni tsoro. An mayar da abin ya zama kamar zuwa kantin magani.

Shi ya sa nake cewa matsalar halattawa ba yawan na'urori kaɗai ba ce. Matsalar ita ce wanda ya kamata ya tsawata ya zama abokin kasuwanci. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Gwamnatin da ta sa dala miliyan ɗari uku na caca a kasafinta ba za ta taɓa fatan mutane su rage bugawa ba, don idan sun rage, albashin malamai ne zai girgiza. Za ta buga lambar wayar neman taimako da ƙananan haruffa a jikin na'urar, ta ware ƴan canji don magani, shekara ta zagayo ta nemi yadda za a ƙara. A Missouri ɗin ma an taɓa gani. Da aka buɗe gidajen caca na bakin kogi a 1994, akwai dokar da ta hana mutum asarar fiye da dala 500 cikin awa biyu. A 2008 aka cire ta ta hanyar ƙuri'a, kuma da sunan makarantu aka tallata cirewar.

Yanzu ga masu adawa. Mafi ƙarfin murya a cikinsu manyan gidajen cacan nan 13 ne. Ba tausayin talaka suke ji ba, kasuwarsu suke karewa. Su ma na'urorin ne cike da zaurukansu. Shekaru aka kwashe a majalisar dattawan jihar ana garkuwa da juna: masu son VLT, irin su sanata Denny Hoskins na wancan lokaci, sun ce ba za a halatta cacar wasanni ba sai an haɗa da nasu, su kuma gidajen caca da ƙungiyoyin wasanni suka ƙi. Ƙarshenta masu cacar wasanni suka kewaye majalisa suka tafi ga masu zaɓe a Nuwamban 2024, suka ci da ratar da ba ta kai ƙuri'a 3,000 ba. Don haka faɗan nan a majalisa faɗan rabon ganima ne. Amma mutum na iya faɗin gaskiya don son zuciyarsa, gaskiyar ba ta fasa zama gaskiya. Kuma akwai bambanci na zahiri tsakanin wuri 13 da sai ka yi niyya, ka tuƙa mota, ka nuna katin shaida a ƙofa, da wuri dubbai da za ka ci karo da su ka je sayen madara.

A matsayina na Musulmi hukuncin caca ba ya buƙatar dogon bayani a wurina. Amma na lura da wani abu a ayar Baƙara ta 219 da ta haɗa giya da caca: ba ta musa cewa akwai amfani a cikinsu ga mutane ba, cewa ta yi zunubinsu ya fi amfaninsu girma. Ko a majalisar da ba ruwanta da addini, awon da ya kamata a yi ke nan. Masu ƙudirin suna kawo shafin amfani da lambobi har da ɗigo. Ɗaya shafin, na wanda ya cinye kuɗin haya, ya ci bashi a katin banki, ya taɓa kuɗin wurin aiki, aure ya mutu, ba ya fitowa a takardar kasafi, don ba gwamnati ce ke fara biyansa ba.

Wani zai ce mu ina ruwanmu da rigimar Missouri? Akwai ruwanmu. A ranar 22 ga Nuwamban 2024 Kotun Ƙolin Najeriya ta yanke hukunci a ƙarar da jihar Legas da wasu jihohi suka shigar, ta ce dokar loto ta ƙasa ta 2005 ba ta da iko sai a Abuja, harkar caca hurumin jihohi ce. A Kano wannan ya ƙarfafa gwiwar Hisbah wajen rufe shagunan bet. Amma takobin kaifi biyu ne da shi. Jihar da ke da ikon hanawa tana da ikon ba da lasisi ta karɓi kaso, kuma kowa ya san yadda gwamnoni ke farautar kuɗin shiga na cikin gida. Ƙwallon kwamfuta da samari ke bugawa a shagunan bet da wayoyinsu, wadda ake gama wasa cikin ƴan mintuna a sake sabo, ƴar uwar wannan na'ura ce ta jini. Ranar da wani kwamishina zai miƙe ya ce ai yaran suna yi ko mun so ko mun ƙi, gara mu tsara abin mu samu na gina azuzuwa, ku sani ba shi ya fara faɗa ba.

Jiha ɗaya da na san ta shiga ta fita ita ce Carolina ta Kudu, kuma yadda ta fita abin dubawa ne. A ƙarshen shekarun 1990 tana da na'urori sama da 30,000. A 1997 wata jaririya ƴar kwana 10 ta mutu a cikin mota a zafin rana yayin da mahaifiyarta ke ciki tana bugawa, abin ya girgiza jihar. Gwamna David Beasley ya ɗaura ɗamarar haramta su, masu na'urorin suka zuba kuɗi a zaɓen 1998, ya sha kaye. Majalisa ta kasa yanke magana, sai ta yi doka cewa za a haramta su sai dai idan jama'a sun zaɓi a bar su a ƙuri'ar raba gardama. A Oktoban 1999 kotun ƙolin jihar ta soke ƙuri'ar, ta bar haramcin. Ranar 1 ga Yulin 2000 aka kashe su. Alƙalai ne suka yi abin da ƴan siyasa suka kasa, kuma abin ya yiwu ne a jihar da gwamnati ba ta riga ta zama mai rabin riba ba.

Missouri har yanzu ba ta karɓi ladan ba, shi ya sa hannunta a sake yake. Abin da take buƙata bai kai shafi biyu ba: a rubuta a doka ƙarara cewa na'urar da ke karɓar kuɗi ta biya kuɗi caca ce ko da maɓallin leƙe ko babu, a ba wata hukuma ɗaya ikon kamawa a duk gundumomi 114, sannan duk shagon da aka samu da ita a ƙwace lasisinsa na giya da na sayar da tikitin loto. Mai gidan mai ba zai yi cinikin waɗannan lasisi biyu da na'ura huɗu a kusurwa ba, da kansa zai kira kamfanin su zo su kwashe kayansu.